An Rage Mini Littafi

Zuwa ga Malama marubuciya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da iyali. Na ga adireshinki a bayan littafinki mai koren bango, na direban tasi da yarinya mai sayar da tabarau. Ki yi haƙuri da rubutuna, a aji huɗu na tsaya.

Ƙorafi na kawo. Maigidana mai gyaran agogo ne. Da ƙafafunsa suka fara kumbura sai ya daina fita shago, ya dawo da teburinsa ɗaki, jikin taga. In idonsa ya gaji da ƙananan kusoshi sai ya ɗauko littafin, yana karanta mini ina guga. Ranar da direban ya sayi tabarau na bakwai alhali idonsa garau, ya maƙala, ya je ya daki katangar gidan su yarinyar, sai da na ƙona riga don dariya.

Wata uku ke nan da rasuwarsa, ba mu gama ba. Ƙaninsa ya kwashe kayan teburin har da littafin, yanzu ya ce bai san inda ya shiga ba. Na sayi wani, ina bi da yatsa, kwana goma sha tara na kai ƙarshe. Malama, an rage shi. Babu wurin da yarinyar take yi wa tukunya faɗa in ta ƙi tafasa. Babu wurin da direban ya je asibiti. A nan muka tsaya, kuma shi nake nema. Don Allah ina zan samu cikakken?

Littafin ya yi daɗi, sai dai auren ya zo da gaggawa, kuma uwar yarinyar ta cika surutu.

Ki huta lafiya.
Matar mai agogo

*

Hajiya,

Wa alaikumus salam. Na karɓi wasiƙarki, kuma ina miƙa ta'aziyyata. Allah Ya jiƙansa, Ya ba ki haƙurin rashi.

Na sake duba rubutuna na hannu kafin in amsa miki. Sau ɗaya aka buga littafin, ba a cire ko layi ba. Ban rubuta faɗa da tukunya ba, ko da yake na so a ce ni na rubuta. Asibiti kuwa, direbana ko mura bai yi ba daga farko har ƙarshe. Don dariya na yi littafin, ban bar ciwo ya shiga ba.

Ba na son in yi shisshigi, amma ina ganin maigidan ne yake ƙara nasa. In ba zai yi miki nauyi ba, me ya faru a asibitin?

Maganar uwar yarinya kin yi gaskiya. Gwaggona ce na kwaikwaya, kuma na ma rage.

Da girmamawa,
Marubuciyar

*

Malama,

Bayan gaisuwa. Sati biyu wasiƙarki na ƙarƙashin akwati, na kasa amsawa.

Mai faɗa da tukunyar ni ce. Da ya karanta wurin har na ce masa, "Ka gani ko, ashe ba ni kaɗai ba ce." Ya ce, "Ku biyu ne a duniya, uwar ɗakina." Ban lura idonsa ba ya kan takarda ba.

Ga na asibitin. Likita ya gaya wa direban kwanansa ya kusa, shi kuma ya ɓoye wa yarinyar, ya ci gaba da sayen tabarau yana ba ta dariya. Maigidana ya tsaya a nan, ya ce, "Ke ya kika gani?"

Na ce, "Mugu ne. In ni ce, har abada ba zan yafe masa ba."

Ya ce, "Ko don tausayinta ya yi?"

Na ce, "Ya riƙe tausayinsa. Ita ba mutum ba ce da za ta shirya?"

Ya yi 'yar dariya, ya naɗe gefen shafin, ya ce wannan hukunci ya fi na alƙali zafi. Bai sake buɗe littafin ba. In na tambaya sai ya ce idonsa ne. Kwana goma sha ɗaya tsakani ya rasu.

Jiya na tsare ƙaninsa a ƙofar shago har ya faɗa. Tare suka je ganin likita, tun wata biyar kafin rasuwarsa, aka gaya masa kwanansa ya kusa. Ni aka ce mini gishiri ne ya yi masa yawa.

Malama, tambayata ya yi, na ba shi amsa ina ninke wando. Da wannan amsar ya tafi. Wani lokaci haushinsa nake ji, wani lokaci nawa. Ke da kika san yadda ake ƙare labari, ya wannan zai ƙare?

Taki,
Matar mai agogo

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ki bar ni in kira ki haka. Na gwada rubuta miki ƙarshen sau huɗu, duk na yaga. Ni na san direban, amma yarinyar da ke cikin wannan babi ban taɓa jin muryarta ba sai a wasiƙarki. Ki duba bayan littafin, masu bugawa sun bar shafi biyu babu komai.

Ƙanwarki

*

Ƙanwata,

Ina gaishe ki. Na zauna a teburinsa na cika shafukan biyu da fensirinsa da ya rage. Yarinyar ta gane. Ta yi masa faɗa shafi ɗaya da rabi, wanda tukunya ba ta taɓa sha ba. A ragowar na sa layi ɗaya, ta ce ta yafe, ta roƙe shi shi ma ya yafe mata.

Amsarsa ce ban rubuta ba, wuri ya ƙare. Na karanta da ƙarfi, ina fuskantar kujerarsa.

Allah Ya bar zumunci.
Yayarki