Na Yanke Mahaifina Daga Cikin Tsohon Fim

Assalamu alaikum masu bin wannan shafi. A ɓoye sunana, kuma duk mai shirin zagina ya daure ya karanta har ƙarshe tukuna.

Ni mai gyaran kaset ne a Madawa. Tsofaffin finafinan da suka yi fumfuna nake gogewa da auduga da alkol, in liƙe inda suka tsinke, in kwafa a sabon kaset mutane su kalla a gida. Bara wani Alhaji da ya taɓa riƙe gidan sinima ya damƙa mini wani fim da wani Bature ya ɗauka a ƙauyukan Buza tun ba a haife ni ba, ya ce iyakar saninsa shi kaɗai ya rage. Kwana tara ina fama da shi. Ranar da hoto ya fito sarai, sai ga bakin rijiya, ga wani saurayi durƙushe, wani mai rawani ya taka bayansa ya hau raƙumi. Saurayin nan mahaifina ne, har tabon goshinsa yana nan. Mutumin da ya shekara ashirin yana limanci a unguwarmu, ya rasu da mutuncinsa, bai taɓa gaya mana an taka shi ba. Shi zan kwafa in watsa har Keita? 'Ya'yana su gani? Maƙwabta su riƙa mai da kaset baya suna nuni da yatsa? Na ɗauki reza na yanke wurin daga asalin fim ɗin, na liƙe, na ce wa Alhaji fumfuna ce ta cinye. Ƙarya na yi, na sani. Masu cewa ai tarihi ne, ba bayan ubanku aka taka ba. Wa ya nemi izininsa ranar da aka ɗauke shi? Ko gobe aka kawo mini, zan sake yankewa.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, watan jiya wata tsohuwa Kirista, wadda ta yi aikin wanki a asibitin mishan, ta zo shagona takanas. Ta kalli kwafin a gidan ɗiyarta, ba ta ga abin da take nema ba. Ta ce, "Ɗana, ina wurin rijiya? Mijina na ciki, shi ka jan ruwa shina waƙa. Ba ni da hotonai ko guda." Sau ɗaya ta taɓa ganin fim ɗin, tana amarya. Na dubi idonta na ce, "Inna, fumfuna ta cinye." Ta sa mini albarka saboda ƙoƙarina, ta tafi. Wannan albarkar ce ta hana ni sakewa. A nan kam na ji kunya.

Guntun yana wurina cikin gwangwani, ban ƙona ba. Na duba, mijinta na nan, amma a hoto ɗaya suke da mahaifina, reza ba ta raba su. Kuma ta san gidanmu, da ta gani za ta gane shi. Ba zan mayar wa duniya da shi ba, kada ma wani ya ce in yi. Amma tsohuwar nan idonta ya fara rauni.

Me zan yi?