Shafi Tara da Suka Rage

Maigida,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kekenka ma lafiya. Tun da ka fita bin gaɓar teku da lasifika kana shelar guguwa, gidan ya yi mini faɗi. An ɗaga tutar gargaɗi ta biyu. Na binne shinkafa a tukunya, na kai saniya kan tudu. Sai dai Inna ta ƙi tafiya makarantar da ake fakewa. Ta ce, "A nan na haifi Tofazzal, iska ba ta isa ta tashe ni ba." Ka faɗa mini abin yi. Kawu Jobbar mai kwalekwale zai kawo maka wannan.

Matarka,
Shiuli

Shiuli,

Wa alaikumus salam. Ina Patharghata. Rediyo ta ce guguwar ta juyo wajenmu, gobe da hantsi za ta iso. Ƙauye shida suka rage mini, ba zan iya dawowa ba. Kitse gashinki tamau, ki ajiye zani ki sa wando, kada wani abu ya sarƙe ki a cikin iska ko ruwa. Ki fito mini da uwata ko da goyo ne. Don Allah ajiye littattafan soyayyar nan yau ɗaya.

Tofazzal

Maigida,

Bayan gaisuwa mai yawa, duk muna raye. Littafin da ka raina ne ya yi aikin. Ka san wanda nake karanta wa Inna kullum bayan la'asar, na 'yar masunci da malamin makaranta? Saura shafi tara na rufe, na ce sai a makaranta zan ƙarasa. Ta ce, "Ja'irar yarinya!" Ta jawo sandarta, ta biyo ni.

Iska na tsakiyar ruri littafin ya ƙare. Can sai ta ɗauke ɗif, har rana ta leƙo. Inna ta miƙe wai za ta je duba gida. Na tuna ka ce wannan shirun yaudara ne. Na sake buɗe littafin, na ci gaba da ƙirƙiro labarin daga kaina. Na nutsar da malamin, na tsamo shi, na aura masa wata. Mata suka kewaye ni, har guguwar ta dawo ta wuce.

Rufin ɗakin Inna yana cikin gonar maƙwabta. Kada ka faɗa mata komai.

Taka,
Shiuli

Shiuli,

Alhamdu lillahi. Kawu Jobbar ya kawo mini saƙon Inna. Ta ce ta lura awa guda ba ki juya shafi ba. Ta ce kuma ki mayar wa 'yar masunci da malaminta kafin in iso jibi.

Mijinki,
Tofazzal