Sunayen da Ke Ɓacewa a Ƙofar Sansani

Abbaganaram, Maiduguri
3 ga Maris, 2015

Ya Mikail,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Khairat da yara. Yaya Kano? Hajiya tana nan kalau, sai ciwon ƙafar nan. Na rubuto da hannu na ba direba, don wannan magana ba ta waya ba ce.

Ka san na'urar rajistar da na haɗa wa sansanin 'yan gudun hijirar da nake aiki. Mutum uku ne ke shigar da sunayen sababbin zuwa, a ba kowa kati, masu tsaron ƙofa kuma su duba sunan duk mai shiga. Sunayen a jere suke, kowane yana nuna na gabansa. Da farko na sa kulle, mai dubawa ya jira mai rubutawa ya gama. Sai layi ya riƙa kaiwa titi, ka kuwa san abin da cinkoso ke jawowa a garin nan yanzu. Shi ya sa na cire kullen.

To, sunaye suna ɓacewa. Sha ɗaya cikin mako uku. Mutum ga katinsa a hannu, na'ura ta ce ba ta san shi ba. Tara daga ciki Dzarma ne ya shigar, wani mutumin wajen Askira da aka ɗauka aiki bana.

Kada ka fara ce min kuskuren aikina ne, na san halinka. Na gwada a laftof ɗina ya fi sau dubu, ko suna ɗaya bai faɗi ba. Dzarma kuwa na sa masa ido. Kullum shi ke fara zuwa, aikin safe yake zaɓa, kuma yana yi wa baƙin magana ƙasa-ƙasa da yarensu. Wa zai amfana da mutum mai kati marar suna in ba mai shigo da mugaye ba? Wallahi raina bai kwanta da shi ba.

Na kwafa maka layukan umarnin da na rubuta wa na'urar a bayan takardar nan, tunda kwamfuta aikinka ce, ka duba don bakinka ya mutu. A gaida kowa.

Ƙanwarka,
Bintu

9 ga Maris

Ya Mikail,

Sallama da fatan kun tashi lafiya. Mu duk mun tsira daga bam ɗin da ya tashi a kasuwa ranar Asabar, alhamdu lillahi. Kada ka damu.

Na jira amsarka shiru. Jiya wasu sunaye biyu suka ɓace, duk Dzarma ne ya shigar da su. Bayan abin da idona ya gani ranar Asabar ba zan iya kama bakina ba. Na sami Malam Hashim, shugaban sansanin, na nuna masa lissafin. Ni cewa na yi a canza wa Dzarma aiki kawai, Allah ne shaidata.

Yau da hantsi wasu mutum huɗu suka zo suka tafi da shi daga kan teburinsa. Bai yi gardama ba. Ya ma tsaya ya ƙarasa sunan tsohuwar da ke gabansa, ya miƙa mata katinta. Wannan ya tsaya min a rai, amma na ce ai masu irin wannan aiki sun iya natsuwa.

Ka yi min addu'a.

Bintu

18 ga Maris

Ya Mikail,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka, Allah ya sa jikin Khairat ya yi sauƙi. Takardarka ta iso ranar Larabar da ta wuce, direban ya ce kwana uku aka tsare hanya.

Innalillahi. Na karanta sau uku a tsaye. Ka ce laftof ɗina yana ajiye abu bi da bi yadda na rubuta, amma ƙaramar na'urar sansanin mai ƙwaƙwalwa huɗu ba ta yi min wannan alkawari ba. Tana iya haɗa sabon gurbi cikin jerin kafin sunan ya bayyana ga ƙwaƙwalwar da ke dubawa, kamar a kira mutane cin abinci ba a kwashe tuwo ba. Mai dubawa ya iske gurbi wayam, ni kuma da hannuna na rubuta cewa duk gurbin da babu komai a cire shi. Dzarma ya fi kowa sauri, kuma da safe ƙofa ta fi cika. Laifinsa ke nan duka.

A ranar na sa shingen da ka ce, wanda ke hana a ga gurbi kafin sunan ya shiga, a ɓangaren mai rubutu da na mai dubawa. Layi biyu kacal, Ya Mikail! Mako guda yau, ko suna ɗaya bai ɓace ba.

Na ruga wurin Malam Hashim na yi masa bayani har muryata ta dushe. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce tun da aka ɗauke mutumin abin ya tsaya cak, wace shaida kuma ake nema. Ya ce tausayi ne irin na mata, kuma ya riga ya aika da rahoton cewa Dzarma ne mai laifi. Da na dage sai ya yi min wani kallo, ya tambayi tun yaushe na san Dzarma. Yanzu in na shiga ofis hira takan tsaya.

Matar Dzarma, Edith, tana zuwa bakin ƙofa kullum da kwanon abinci, ba ta san inda za ta kai ba. Jiya ta riƙe hannuna tana gode min, wai ta ji ni ce nake tsaya masa. Na kasa gaya mata. Ina jin kunyar kaina, ina jin tsoro.

Ga abin da na yanke. Ranar Litinin zan cire layukan nan biyu, in zauna a kujerar Dzarma in yi ta shigar da sunaye da sauri har su ɓace a gaban Malam Hashim. Zan sa a riƙa rubuta kowa a littafi don kada a tsare wani a ƙofa. Na san in sun ɓace a hannuna, ni za a fara tambaya.

Don Allah ka zo kafin Litinin da takardun aikinka, kai namiji ne, wataƙila su ji naka. In kuma hanya ta hana ka, zan yi ni kaɗai. Kada ka gaya wa Hajiya.

Ƙanwarka,
Bintu