Baban Cikin Waya

Lahadi, 6 ga Oktoba

Na dawo Sendai da la'asar. Ɗakin yana nan yadda na bar shi, har kofin shayin da ban wanke ba. Kwana biyu na yi a gida, a Kurume, kuma ko sau ɗaya 'yata Suzu ba ta yarda na ɗauke ta ba. Shekararta biyu da 'yan watanni. Tun tana rarrafe kamfani ya turo ni nan arewa, ita da uwarta Chizuru suna can kudu, sai kiran bidiyo kullum bayan cin abinci.

Da na shiga gida ranar Juma'a sai ta maƙale a bayan ƙafar Chizuru tana leƙena. Chizuru ta ce, "Ga Baba fa, Suzu." Yarinyar ta girgiza kai, ta ruga ta ɗauko wayar uwarta a kan tebur, ta ɗaga mana ita ta ce, "Baba." Wato ga Baba can a ciki, wannan ƙaton kuwa ba ta san daga inda ya ɓullo ba.

Chizuru ta yi dariya har da hawaye. Ni ma na taya ta. Amma abin ya yi min ciwo ƙwarai.

Talata, 8 ga Oktoba

Shugaban sashenmu, Onodera, ya kira ni ofishinsa. Yana so in ƙara shekara biyu a nan, da ƙarin girma a kai. Ya ce in ba shi amsa bayan hutun farkon Nuwamba. Na rusuna na yi godiya. A raina na riga na karɓa. Marigayi Baba ya fi shekara goma yana aikin fasa duwatsu don hanyar jirgin ƙasa, nesa da mu, kuma ga ni nan ban lalace ba.

A hanyar dawowa na tuna wurin wasan nan na bakin teku. Sau ɗaya tak Baba ya taɓa kai mu yawo, ina da shekara uku, kuma can ne. Muka kwana a otal mai jan rufi da ke kan tudu. Abin da na riƙe har yau: ina can sama cikin ƙaton lilon nan mai kama da tayar keke, teku a ƙasa yana walƙiya, ina shaƙar warin taba da sabulun Baba, shi kuma yana wani gurnani a maƙoshi wanda a wurinsa waƙa ce. Da gurnanin nan nake yi wa Suzu sallama a waya kullum.

Can zan kai ta a hutun nan. Otal ɗin ma shi ɗin dai.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na gaya wa Chizuru. Wurin wasan ta yarda nan take. Otal ɗin ne ya kawo magana.

Ta ce mai jan rufin yana da nisa da ƙofar shiga, sai an bi layin bas. "Baban Suzu, ka taɓa ganin 'yarka in barcin rana ya wuce ta? Kai za ka riƙe ta a layin bas da tsakar rana tana birgima a ƙasa?" Ta ce gadajensu dogaye ne, Suzu kuwa juyi take yi a barci kamar hannun agogo. Wurin wankansu na jama'a ne, ba a shiga da yaro mai kunzugu. Ita sabon otal na bakin ƙofa take so, mai ɗakin tatami, wato mai daɓen tabarma mai laushi, a shimfiɗa katifa a ƙasa, ga bahon wanka a ɗaki.

Na ce sabon otal ɗin ba shi da rai, kamar asibitin haƙori yake. Ta ce, "To, kai da ran otal ɗinka ku yi renonta."

Na san tana da gaskiya a kan gadon. Ban faɗa mata ba.

Asabar, 12 ga Oktoba

Mun yi waya, babu wanda ya ambaci otal. Wato faɗan bai ƙare ba.

Litinin, 14 ga Oktoba

Yau hutu. Na kira Mama a Yanagawa don in sami mai goya min baya. Da na sani!

Ina fara ba ta labarin lilon ta katse ni da dariya. "Kai Tatsu, wane lilo? Ai ko nisa ba mu yi da ƙofa ba. Muna shiga wani mutum cikin shigar ƙaton zomo mai jar riga ya zo zai gaishe ka, ka tsandara ihu har ka jiƙa wandonka. Sai komawa ɗaki."

Na ce amma na ga teku daga sama. Ta ce ta taga na gani, ɗakinmu yana hawa na uku, lilon kuma yana daidai gaban tagar. Ta ce Baba bai zaɓi otal ɗin don kyau ba, ya zaɓe shi ne don yana manne da ƙofar shiga, saboda barcina na rana. A lokacin ƙofar tana gefen tudu, daga baya aka mayar da ita gefen tasha.

Sauran maganar ba zan iya kawo ta a jere ba. Wai duk tafiyar nan ban yarda Baba ya taɓa ni ba. Kawu nake ce masa, kamar kowane baƙo. Da muka koma ɗaki ya ce mata, "Je ki hau abinki, kin sha fama." Ta koma wurin wasan tana waige. Da ta dawo ta tarar ya ɗaure ni a bayansa da majanyinta, ɗaurin duk a karkace, yana kai da komo a gaban taga, ni kuma na yi barci na zubar masa da yawu a wuya. "Mutumin da ko jakar cefane ba ya riƙe min a titi! Ya ce in na gaya wa wani, shi da ni ne."

Na tambaye ta, daga nan fa?

"Daga nan ya koma aikinsa mana. Da ya dawo a hutun sabuwar shekara ka sake ce masa Kawu. Ranar ya fita bayan gida ya daɗe yana shan taba." Na ji tana gyara kofin shayin da take ajiye masa a gaban hotonsa. Sannan ta ce, "Daga baya ya daina miƙo maka hannu. Ba ƙi ba ne, Tatsu. Kunya ce."

Da ya kwanta a asibiti cutar ajali, maganar ruwan sama da ƙwallo kaɗai muka iya yi ni da shi. Ina kewarsa yau fiye da ranar da ya rasu.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Na kama ɗaki a sabon otal. Mai tatami, mai baho a ciki, hawa na ƙasa don keken jarirai. Na aika wa Chizuru. Amsarta: "Asibitin haƙori?" Na ce eh. Ta turo hoton Suzu da shinkafa a goshi.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Kwali ya zo daga Mama. Lemo, busasshen ganyen teku, a ƙasa kuma majanyin. Shuɗi ne, ya koɗe har ya kusa zama fari, igiyarsa ɗaya an yi mata faci da baƙin zare. Ashe duk shekarun nan yana cikin akwatinta.

Na gwada da buhun shinkafa. Sau biyu buhun ya sulluɓe ya faɗi. Maƙwabcin ƙasa ya buga min silin da sandar tsintsiya.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Mun iso. Daga mota na hango mai jan rufin a kan tudu. Rufin ya dushe, kuma ginin ya ƙanƙance, ko ni ne na girma. Na rage gudu. Chizuru ta dafa min gwiwa.

Ɗakin babu laifi, dole in faɗi gaskiya. Suzu ta yi ta gudu a kan tatami ba takalmi, ta faɗi ta tashi, babu abin da ya same ta. Tagarmu filin ajiye motoci take kallo, sai wani ɗan yanki na lilon a gefe in mutum ya karkata kai.

Da lokacin wanka ya yi Chizuru ta ce, "Yau Baba ne zai yi miki." Yarinyar ta shige cikin kabad ɗin katifu ta ja ƙofa. Na yi wankana ni kaɗai, da agwagwar roba.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Zomon yana nan! Ko jikansa ne. Muna wuce ƙofa ya taho yana ɗaga hannu, na yi wuf na shiga gaban Suzu, ina jiran ihu. Ina! Sai ta kauce min ta ruga ta rungume ƙafarsa. Zomon da ba ta taɓa gani ba. Chizuru ta ce, "Da ka sani ka sa kunnuwan zomo ka zo." Na ce ba abin dariya ba ne, alhali ina dariyar.

Mun hau dawakin katako masu zagaye, ita da uwarta a kan doki ɗaya, ni a na baya ina riƙe da jaka. Mun ci taliyar udon, rabin tata a kan rigata. Rana na yin tsaka sai komai ya ɓaci. Ta jefar da takalmi, ta sandare ta ƙi shiga keke, tana kuka ba ta san abin da take so ba. Kafin taron mutane ya gama kallonmu mun isa ɗaki. Da layin bas ne, da ban san yadda za mu ƙare ba.

Na dubi Chizuru sosai, abin da na daɗe ban yi ba. Ƙasan idanunta ya yi baƙi. Lokacin da nake nemanta ita ce mai jan ni hawa jirgin nan mai gangarowa daga sama, tana ihu hannu a sake, ni ido a rufe. Na ce, "Maman Suzu, je ki hau abinki." Ta ce, "Za ta tsaga maka kunne fa." Na ce na sani. Ta tsaya a bakin ƙofa kamar za ta fasa, sannan ta fita.

Ta kuwa tsaga. Ta kwanta a bakin ƙofa ta rungume silifas ɗin uwarta tana kiran Mama har muryarta ta dishe. Na ba ta ruwa ta ture. Na ɗauko majanyin. Buhun shinkafa ba ya harbi da ƙafa, ita kuwa ta same ni a haƙarƙari. Da ƙyar na ɗora ta, na zagayo da igiyoyin na ɗaure a ƙirji, a karkace. Na fara kai da komo a gaban taga, gumi na karyo min, ita tana dukan kafaɗata.

Ban san lokacin da na fara gurnanin Baba ba.

Dukan ya tsaya. Na ji ta ɗaga kai tana dube-dube a ɗakin, na san waya take nema. Cikin shessheƙa ta ce, "Baba?" Na ce, "Na'am, Suzu. Ga ni nan." Kukan ya lafa. Sai na ji ɗan hannunta a kunnena, ta lalubo wuyana daidai inda sautin ke fitowa, ta bar shi a wurin. Na ci gaba. Can kanta ya yi nauyi a tsakanin kafaɗuna.

Na yi ta tafiya, taga zuwa ƙofa, ƙofa zuwa taga. Duk sanda na iso gefen dama sai in ga ɗan yankin lilon yana juyawa a hankali. Na yi kuka kaɗan, ba na musu. Ashe abin da Baba ya gani ke nan, ba teku ba.

Chizuru ta dawo gashinta a hargitse, fuskarta ta yi ja, sak yarinyar da na aura. Ta tsaya tana kallonmu. Ta yi raɗa, "Sauke ta mana, bayanka zai tsinke." Na ce, "Bar ta."

Ba mu koma wurin wasan ba. Lilon ma ba mu hau ba.

Litinin, 4 ga Nuwamba

A filin jirgi ta yarda na ɗauke ta, ta cusa min guntun biskit ɗin da ta tsotsa a baki. Na cinye. Ba ta yi kuka ba da na tafi, ta ɗauka bayi zan je in dawo.

Bayana kamar an yi min duka.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Onodera ya tare ni a gaban lif ɗin hawa bene, ya ce yana jiran amsa. Na ce masa gobe.

Na kira gida bayan cin abinci. Da, Suzu tana ganina take manna bakinta a gilashin wayar. Yau sai ta ƙura min ido. Ta karɓe wayar daga hannun uwarta, ta juya ta, ta leƙa bayanta, ta sake juyowa. Ta ce, "Baba, fito. Goyo." Na ce ba zan iya ba yanzu, sai wani hutun. Na fara mata gurnanin, ta cillar da wayar. Silin ɗakinmu kawai nake gani, da fitilar da na yi alkawarin gyarawa tun bara, ina jin kukanta da muryar Chizuru tana rarrashi. Na daɗe ina kallon silin nan.

Majanyin ya biyo ni cikin jaka, ban lura ba sai jiya. Chizuru ta ce in aiko da shi ta gidan waya. Na ce zan kawo da kaina.

Da na sauka sayen madara na tambayi mai shagon ƙasa ko yana da kwalayen da ba ya so, irin na tattara kayan ƙaura. Ya ce guda nawa? Na ce duk abin da ya samu. Don littattafai ne kawai, sun cika min ɗaki.