Sunan Hadiza a Tsohuwar Wayata

Talata, 9 ga Oktoba, 2018
International City

Tun da sassafe 'yata Hadiza ta kira: "Baba, an fitar da sunayen waɗanda aka ɗauka karatun likita, intanet kuma ya ƙi a garinmu. Don Allah ka duba mini." Na ce to.

Yini guda a sitonmu na Al Quoz, nan ƙasar Larabawa inda nake ci-rani, ina fama da tsohuwar wayar nan. Manhajar buɗe shafukan intanet ta ce shafin ba shi da tsaro, ta ƙi buɗewa. Na goge tarihin bincike, na hana hotuna fitowa, na kashe na kunna. Shiru. Abokin aikina Awudu ɗan Kumasi yana ta dariya: "Malam, khalas, ta ƙare! Wayar nan ta isa fansho, ka jefa ta teku." Na ci gaba da latsa ta. Shekara goma sha takwas ina koyar da kimiyya a Zariya, yau ina kinkimar kwali ana mini ba'a.

Bayan isha'i na tasa wayar gaba kamar ɗalibi mai taurin kai. Sai idona ya kai kan kwanan wata: Janairun 2010. Laifina ne. Da rana nakan cire batirin saboda zafin sito yana kumbura shi, in na mayar da shi sai agogon ya koma farko. Ashe kuskuren kwanan watan ne ya hana; na gyara, shafin ya fara buɗewa layi-layi.

Sunanta yana nan. Sai da na karanta sau uku kafin na iya kiranta.

Ƙasar da ta watsar da ni ba za ta watsar da ita ba, muddin ina numfashi. Gobe Awudu zan fara nuna wa.