Luwan Inna

Fatakwal,
6 ga Satumba, 1966

Zuwa ga uwargidana Hannatu,

Bayan gaisuwa mai yawa da so da bege, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da yara da duk mutanen gida. Yaya ciwon kan nan naki? Ni dai lafiyata ƙalau, sai kewar tuwonki.

Na iso shekaranjiya, na sauka wajen Baba Mijinyawa, aminin marigayi mahaifina, a bayan kasuwar Creek Road. Shekara bakwai ina akawun reluwe a Zariya ina yanka wa mutane tikitin Fatakwal, sai bana na ga inda layin ya ƙare. Na ga jiragen ruwa, Hannatu, kowanne ya fi tasharmu tsawo. Na san kin ce babu mai hankalin da zai yi yawon hutu a shekarar da sojoji suka kashe juna har sau biyu. Kin faɗa, na ji, kada ki sake faɗa mini in na dawo.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun a jirgi. Daga Kaduna wani falken shanu ya zauna kusa da ni, mutum mai fara'a, har goro ya ɓara mini. Kafin mu kai Kafanchan ya gama yanke wa ƙasar nan hukunci. Ya ce Inyamurai sun cinye ofis da kasuwa, sun kashe mana manya, babu na kirki a cikinsu ko ɗaya. Yana magana yana dafa gwiwata. Ina tauna goronsa ina gyaɗa kai, ban ce masa uwar da ta haife ni Ibo ce ba. Ban ma gaya masa cewa sunan nan da yake kiransu da shi, a bakinsu “ba ni ruwa” kawai yake nufi ba.

A Makurɗi ya sauka. Muna haye gada na ga tarago ya cika da mutanen Gabas, sai na tsinci hannuna ya cire hulata ya tura ta aljihu. Wallahi ban shirya ba. Kin san fuskata ta Inna ce, ga taguwa da wando irin na ma'aikata. Wani malamin makaranta ya gaishe ni da Ibo na amsa masa, ya ji irin bakin Anacha, ya yi murna ya buɗe mini gasasshiyar doya da manja. Shi ma mutum ne mai fara'a. Ya ce an ƙone shagon ƙanensa a watan Mayu, ya ce Hausawa ba sa tunani sai abin da aka ce su yi, gara kowa ya kama gabansa. Na ci doyarsa na gyaɗa kai kamar yadda na ci goro. A wuni ɗaya aka zagi uwata aka zagi ubana, kuma duk sau biyun da godiya na rabu da mai zagin.

Mako mai zuwa zan koma Inugu in hau mota zuwa Anacha wajen Inna. Ki shafa mini kan autarmu Zuliha. Har yanzu “luwa” take cewa in tana jin ƙishi? Ki ci gaba da gyara mata, kada ta girma da bakin kakarta yara su riƙa yi mata dariya.

Ki gaida kowa da kowa. Allah ya sada mu da alheri.

Naki har kullum,
Muntaka

Anacha,
25 ga Satumba, 1966

Zuwa ga Hannatu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan kuna lafiya, kuma unguwa lafiya. Takardarki ta same ni, na ji daɗi da ciwon kan ya sauka. Inna tana gaishe ki, ta ce wai kin bar ɗanta ya rame.

Inna tana nan yadda kika san ta. Tun daga bakin kasuwar Ose na jiyo muryarta tana faɗa da mai ɗaukar kaya a kan buhun albasa. Shekara arba'in tana Hausa, har yau “gali ya waye”, har yau “lana ta yi zafi”. Ta sha gaya mana cewa da ta musulunta, kakata ta zaɓa mata suna Yelwa ne don kada a ba ta wanda za ta kasa faɗa. Ko sannu da zuwa ba ta gama yi mini ba ta tambaye ni ina hulata. Na ciro ta a aljihu duk ta yamutse. Ta dube ta, ta dube ni, ba ta ce komai ba. Ke kin san Inna, in ta yi shiru to magana ta kai maƙura.

A motar da ta kawo ni daga Inugu ma siyasar aka yi ta yi. Wani mai tabarau ya ce a yanka ƙasar gida uku kowa ya ɗauki nasa. Wata tsohuwa mai kwandon kaji ta tambaye shi, to 'yarta da ke aure a Jos da 'ya'ya biyar, a wane yanki za a sa ta? Aka yi dariya, ita ba ta yi ba. Ni ma ban yi ba.

Garin ba daɗi, Hannatu. Kowace rediyo da nata labarin. An ce an taɓa mutanenmu a wasu garuruwan nan, an ce an taɓa nasu a can wajenmu, ba wanda ya san na gaskiya amma kowa ya rantse. Masu sayen albasa da suka saba zama su yi hira yanzu a tsaye suke ciniki. Abin da ya fi ci mini rai kuwa a unguwarmu ta Hausawa ya faru. Jiya bayan la'asar samarin nan 'yan ci-rani masu dako suna zaune a ƙofar masallaci suna ta zafafa magana, sai ga Inna za ta wuce. Wani da ban taɓa gani ba ya ce a yi shiru ga kunnen Inyamurai nan tafe. Inna fa! Matar da babu gawar macen da aka fitar a unguwar nan shekara ashirin ba ita ta wanke ta ba. Ta ji sarai. Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta wuce. Ni kuma ina tsaye, hula a kai wannan karon, ban buɗe baki ba. Na ji kunyar kaina ƙwarai.

Yau da safe na roƙe ta ta bi ni Zariya har ƙura ta lafa. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce da wannan bakin nata? Na ce to ƙauyensu fa, ƙetaren gari kaɗan? Nan dariyar ta tsaya. Ta ce tun ranar da ta auri marigayi Baba 'yan'uwanta suka yi mata makoki, ba wanda ya sake tako ƙofarta. Ta ce unguwar Hausawa ce garinta, nan ta haihu, nan ta binne miji, nan za ta zauna.

Hutuna ya kusa ƙarewa amma ba zan iya tahowa in bar ta haka ba. Ki aika a gaya wa shugaban tasha ina neman ƙarin mako ɗaya. Kada ki bar yara su yi nisa da gida.

Ki taya mu da addu'a.

Mijinki,
Muntaka

Tashar jirgi, Inugu,
6 ga Oktoba, 1966

Hannatu,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah ya sa kuna raye kuna lafiya. Ni ina nan da raina, ba rauni a jikina. Jirgin farko da zai tashi yau mata da yara da marasa lafiya aka ɗiba, na ba gadinsa takardar nan don abokin aikina ne. Namu sai gobe in Allah ya yarda.

Kin fi ni sanin abin da ya faru a wajenku. Mu nan abin da ya biyo baya muka gani. Motoci suka fara shigowa Anacha da mutanen da suka tsero daga Arewa, wasu ba hannu, wasu riƙe da kayan wanda bai iso ba. Na gani da idona, ba rediyo ce ta gaya mini ba. Kafin azahar aka far wa unguwarmu. 'Yan sanda suka kwashe mu, sannan aka ce duk wanda ba ɗan Gabas ba ya bar yankin. Unguwar da Inna ta ce garinta ce, a yini ɗaya ta zama kango. Na durƙusa na kama ƙafarta ina kuka kamar yaro, sai ta ɗauki mayafinta ta biyo ni.

Dabarar da na yi, Allah ya yafe mini, ita ce ta yi shiru. Na ce duk wanda ya tambaya zan ce uwata ba ta magana tun da ta yi ciwo. Mutanen unguwarmu sun san gaskiya, ba wanda ya tona. Amma a nan tasha an tara mu da na Fatakwal da na Aba da wasu garuruwa, mun fi dubu, yawanci ba mu san juna ba. Na nemi Baba Mijinyawa tarago-tarago, ba wanda ya gan shi.

Kwana uku Inna ba ta ce uffan ba. Ke ki yi tunani, Inna! Ko salla sai dai leɓɓanta su motsa. Kusa da tabarmarmu akwai wani lebura daga Fatakwal mai suna Dogara, an sare shi a kafaɗa, an kashe wansa a gabansa. Tun da ya iso bakinsa bai huta ba. Ya ce in ya kama ɗayansu a jirgin nan ta taga zai wurga shi, mace ko namiji. Mutane suna cewa ƙwarai kuwa. Inna tana zaune tana jan carbi tana ji.

Jiya da rana zazzaɓi ya rufe shi. Famfon tasha ya ƙafe tun safe, yana kwance yana ta cewa a ba shi ruwa, a ba shi ruwa, kowa ya riƙe ɗan abin da ke butarsa. Ina can ina neman labarin jirgi, na dawo daidai lokacin da Inna ta tallafo kansa ta kai masa butarta baki. Sai na ji ta ce, sannu ɗana, ga luwa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Dogara ya sha, ya sha, har ya shanye. Ya daɗe yana kallon fuskarta. Sannan ya yi ƙasa da murya ya ce, Inna, na ji amma ban ji ba, sai dai daga nan har Kaduna kada ki sake buɗe baki, don ba kowa ne ya sha ruwanki ba. Ya juya ya ba mu baya. Bai sake zagin kowa ba har yanzu.

Na yi zaton mun tsira, har na yi hamdala. Da hantsi yau Inna ta ja ni bayan ɗakin ajiyar kaya, ta yi maganar kwana ukun nan gaba ɗaya. Ta ce yaron nan gaskiya ya gaya mata, ya ma rage. In ta yi shiru har Kaduna, a Zariya fa? A kasuwa, a gidan suna, a bakin rijiya? Ta ce ranar da ta manta ta sake yin magana, ba kanta kaɗai za ta jawo wa ba, har da ni da ke da jikokinta. Ta ce kwana uku ta gwada zama bebiya, ta gane ba za ta iya ba, gara ta koma inda bakinta ba zai kashe kowa ba. Ƙawarta mai sayar da manja a Ose ta taɓa ce mata akwai ɗaki, can za ta.

Na roƙa, na yi rantsuwa, na ce to ni ma na fasa tafiyar. Ta daka mini tsawa irin ta da, ta ce to wa zan bar wa ke da yara? Sai ta cire mayafinta ta ninke ta miƙo mini, ta ce na Zuliha ne in ta girma. Carbinta ta ƙulle a bakin zane. Tunda nake ban taɓa ganin Inna a waje ba mayafi ba. Ta kama hulata ta gyara mata zama a kaina da hannu biyu, ta ce saura in sake cire ta don tsoron wani. Ta fita ta ƙofar da ake shigo da mutanen Gabas, ɗan sandan da ke wurin ya tare ta, ta yi masa magana da Ibo, ya matsa. Ina tsaye har ta shige cikin jama'a. Ba ta waiwayo ba.

Ban san yaushe hanya za ta sake buɗewa ba, ban san ko takarda za ta riƙa zuwa Anacha ba. Zuciyata ta karye, Hannatu, ban taɓa jin irin wannan ba ko ranar da Baba ya rasu. Ki shirya mini wuri kawai, kada ki tara mutane.

Abu ɗaya nake roƙonki kafin in iso. Na ce miki ki riƙa gyara wa Zuliha magana. Na janye. In ta ce “luwa”, ki ba ta ta sha, ki bar ta da bakinta.

Allah ya tsare ku, ya tsare ta.

Naki,
Muntaka