Wayar Doña Casilda

Moca, ranar Talata

Zuwa ga 'yata Yudelka,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mijinki da yaran. Allah ya yi miki albarka, ko ba ki nema ba na ba ki. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san aji uku na yi, na ukun ma ta taga.

Ni ƙalau nake a gidan tsofaffin nan, ban da gwiwa da kofinsu mai kama da ruwan wanki. Kin tuna dokar da suka karanta mana ranar da kika kawo ni, cewa duk abin da ya sami mutum, ko tuntuɓe ne, a ranar za a kira danginsa? To, shugabarmu Doña Casilda ta fi dokar sauri.

Makon jiya ina zaune gindin tagar ofishinta, na ji tana gaya wa ɗan abokina Nicanor a waya wai babansa ya faɗi a banɗaki, ƙugu ya karye. Alhali ga Nicanor a gabana yana yi mini maguɗi a wasan domino. Na ce, "Kai tsohon ɓarawo, ashe ka karye ba ka gaya mini ba?" Ya ce, "Bakinka ne ya karye, buga naka." Muka yi ta dariya. Da yamma santsi ya kwashe shi. Ƙugun ne.

Na ce dace ne. Sai ga na Ercilia mai yi mana waƙoƙin coci. Na ji an ce wa ƙanwarta a waya abinci ya shaƙe ta, ita kuwa Ercilia tana zaune tana tsefe kai. Kafin a kwashe kwanukan rana an yi asibiti da ita.

Na tambayi Doña Casilda. Ta gyara mini wuyan riga, ta ce ita dai ba a taɓa kama ta da makara ba.

Yau da safe na ji ta ambaci sunanki. Ta sassauta murya, abin da kunnena ya kama kawai shi ne, "Sai haƙuri, bai sha wahala ba."

Na shafa jikina ko'ina, ina nan. Na ci dakakkiyar ayaba faranti biyu don in ƙaryata ta. Na jawo kujerata tsakar gida, inda ba matakala, ba ruwa, ba bishiyar kwakwa. Daga nan nake hango katifata, an shanya ta a kan katanga yadda ake yi wa ta mamaci, kuma wallahi ba fitsari na yi ba.

Direban motar haya ya ce zai miƙa miki wannan yau. Idan kin riga kin sayi baƙar riga ki saka abinki, baƙi na yi miki kyau. Amma kada ki jira gobe, ki zo ki fitar da ni da ƙafata. Kada ki kira ki tambaya. Wayar gidan ɗaya ce, ita za ta ɗauka.

Ki gaishe mini da jikokina.

Babanki, mai rai har zuwa wannan layin,
Fulgencio